Haƙƙin Jidda a Kan Baƙonta

Duk wanda Allah ya nufe shi da zuwa Umra, ko kuwa ya gama ibada da hutun ƙarshen shekara shi da iyalinsa kamar yadda masu hali suka tsiri yi a wannan zamani, ya san tafiyar tana da wani yini guda wanda ba a lissafa shi cikin kwanakin ibada, ba a kuma ƙidaya shi cikin na hutu, watau yinin da aka yi ɗawafin bankwana, aka baro Makka, aka sauka Jidda ana jiran jirgin dare. Galibin mutanenmu, in an bi diddigi, a tsakanin kanti da sikeli suke ƙarar da wannan yini: a sayi akwati, a cika shi, a auna, a tarar ya haura kilon da kamfanin jirgi ya ƙayyade, a zazzage, a raba kaya tsakanin abokan tafiya, a sake aunawa, har magariba ta yi, mutum ya hau mota zuwa filin jirgi alhali bai ga kome na garin ba face rumfunan 'yan tireda da bayan wuyan direba. Ra'ayina, wanda na san ba kowa zai karɓa ba, shi ne wannan asara ce babba, kuma Jidda tana da haƙƙi a kan Bahaushe fiye da kusan kowane gari na bakin teku a duniya, haƙƙin da ba ya bukatar kome wajen sauke shi sai sa'o'i kaɗan na tafiya a ƙasa da buɗaɗɗen ido.

Ban raina tsaraba ba, domin sada zumunci ce, kuma matafiyin da ya dawo hannu rabbana ya san irin kallon da gwaggonninsa za su yi masa. Amma a yi adalci a dubi abin da ake saye. Dabino an riga an saye shi a Madina, Zamzam kuwa galan ne na lita 5 wanda aka riga aka ƙayyade wa kowa. Saura jallabiya da carbi da dadduma da agogo da mayafi, waɗanda mafi yawansu daga Sin da Turkiyya aka kawo su, kuma irinsu na nan jibge a Kantin Kwari, har ma sananne ne cewa akwai masu dabara da ke bari sai sun sauka Kano su sayi tsarabar Makka, su kai gida, a karɓa a yi godiya, ba wanda ya gane. 'Yan Kano-Jidda, waɗanda fatauci ne ya kai su, ba da su nake ba, sana'arsu suke yi. Da wanda ya biya miliyoyi don ya ga ƙasa mai tsarki nake, sa'an nan ya ba da yinin da ya rage masa ga hajar da zai iya samu a Kano ranar kowace Asabar.

Jidda ba ta zama ƙofar Makka da ka ba. Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, shi ne ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka a shekara ta 26 bayan Hijira, wajen 647 ta Miladiyya, a madadin Shu'aiba wadda ke kudu da ita, kuma tun daga wannan lokaci, fiye da shekara 1300, kusan duk wanda ya nufi Ɗakin Allah ta Bahar Maliya, Bamisire ne ko Ba'indiye ko mutumin Jawa ko na ƙasashenmu na yamma, a nan ƙafarsa ta fara taka ƙasar Hijaz. Ibn Jubair, malamin Andalus, ya sauka a nan a 1183 bayan ya sha wuyar tsallakowa daga Aizab, Ibn Batuta ma ya bi ta nan. Da aka buɗe mashigin Suwes a 1869 jiragen hayaƙi suka yawaita, arzikin garin ya bunƙasa, kuma yawancin dogayen gidajen da matafiyi zai gani yau a tsohon gari, wanda mutanen wurin ke kira Balad, daga ribar wancan zamani aka gina su.

Abin da ya sa na ce haƙƙin ya fi nauyi a kanmu shi ne hanyar da kakanninmu suka bi kafin su iso wannan gaɓa. Mutum yakan yi sallama da danginsa a Kano ko Katsina ko Damagaram sallamar wanda ba a sa ran dawowarsa, ya raba gadonsa in yana da shi, ya kama hanyar gabas ta Barno da Wadai da Darfur, ta Abeshe da Fashir har Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso tun wajen 1912. Kuma da yake guzuri ba ya kai mutum wannan nisa, sai ya riƙa tsayawa yana noma, yana dako, yana ɗinki, yana koyar da yara allo, ko ya yi kaka biyu ko uku yana tsinkar auduga a gonakin Jazira bayan an buɗe su a 1925, har ya tara kuɗin tsallaka ruwa daga Sawakin, ta yadda tafiyar da jirgin sama ke yi yau cikin sa'o'i kaɗan takan ci wa mutum shekara biyar ko bakwai ko fiye, yaron da aka goya daga gida ya iso Jidda da ƙafarsa, wanda aka haifa a hanya ya iso yana karatun Alkur'ani. Da yawa ba su iso ba, da yawa kuma da suka iso ba su koma ba, su ne asalin Hausawan Sudan da Takarin Hijaz. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Masu rashin kuɗin fasfo da karantina sukan tsallaka da dare cikin ƙananan jiragen iska, wasu ruwa ya ci su, wasu kuma, abin baƙin ciki, aka yaudare su aka sayar da 'ya'yansu a kasuwannin Hijaz, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai 1962. Sarakuna ma ta ruwa suka zo: Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da ya yi hajjinsa a 1921, ta Ikko da Ingila ya biyo. To, jikan waɗannan mutane ya iso garin da suka yi shekaru suna mafarkin hango farar ganuwarsa, ya wuce bai ko tambayi ina suka sauka ba, wannan ai da sake.

Wanda ya yarda da maganata, shawarata ya bar kayansa a masauki, ya jira la'asar, domin zafin Jidda zafi ne mai gumi wanda ko mutumin Sakkwato ba zai raina ba, kuma kasuwannin Balad ba sa farkawa sosai sai rana ta yi sanyi. Ya sa a sauke shi a Bab Makka, ƙofar gabas, wadda ta nan ayarin raƙuma ke fita da alhazai su yi dare biyu a hanya, su yada zango a Bahra, kafin su cinye tazarar da jirgin ƙasan Haramain, wanda aka buɗe a 2018, ke cinyewa cikin kamar rabin sa'a. Daga nan ya miƙe yamma cikin Suƙul Alawi, ya nufi teku. Wannan lungu shi ne ainihin hanyar alhazan da, ta nan suke ratsa gari daga bakin ruwa zuwa ƙofar Makka, kuma wanda ya bi shi daga gabas zuwa yamma ya bi sawun masu komawa gida. Har yanzu kasuwa ce mai rai, ana sayar da kayan yaji da turaren wuta da atamfa da zuma, saboda haka ko mai ƙishin sayayya ba zai fita da haushi ba. Abin da nake roƙonsa kawai shi ne ya riƙa ɗaga kai.

In ya ɗaga kai zai ga abin da ya sa hukumar UNESCO ta sa wannan unguwa cikin kayan tarihin duniya a 2014. Gidaje ne masu hawa huɗu, biyar, har fiye, waɗanda aka gina da dutsen murjani, ba jan nan da amare ke ratayawa ba, wani farin dutse ne mai ramuka da ake haƙowa a gaɓar teku, ana haɗa shi da laka daga ƙasan tafkin da ke arewacin gari. Da yake dutsen ba shi da ƙarfi, kuma ƙasar garin mai danshi ce da gishiri, sai magina suka riƙa shimfiɗa katako a kwance cikin bango bayan kowane 'yan layuka, kamar yadda maginanmu ke sa azara, don nauyi ya rarrabu, don kuma in wani dutse ya ruɓe a iya tokare bangon a zare shi a sa wani ba tare da an rushe gida ba. A fuskar kowane gida kuma akwai rawashin, watau tagogin katako masu fitowa waje, an sassaƙa su da ƙananan ƙofofi, wasu kore, wasu shuɗi, wasu an bar su da launin itacensu, kuma katakon kansa baƙo ne, jiragen Indiya da Jawa suka kawo shi, domin Hijaz ba ta da dajin da za a sari irinsa. Hikimar abin ta isa a tsaya a yi tadabburi: iskar teku tana shiga, rana ba ta shiga, matan gida suna ganin titi, na titi ba ya ganinsu, ana kuma jera tulunan ruwa a bakin tagar iska ta sanyaya su, bilhasali, an warware mas'alar zafi da mas'alar sutura da dabara guda, tun ba a san wutar lantarki ba. Ina ganin duk mai niyyar gina gida a Kano ko Maradi, wanda ake shirin zuba masa siminti da gilashi da kwanon da zai mayar da ɗaki tanda, ya kamata ya tsaya minti goma a gaban ɗaya daga cikin waɗannan gidaje kafin ya biya mai zane.

A tsakiyar Suƙul Alawi Baitu Nasif yake, wanda aka gina wa Umar Nasif, wakilin Sharifin Makka a Jidda, tsakanin 1872 da 1881, kuma a cikinsa Sarki Abdul'aziz ya sauka lokacin da garin ya miƙa masa wuya a Disamba 1925, abin da ya kawo ƙarshen mulkin Sharifai a Hijaz. Matakalarsa mai faɗi ce marar tsayi, an ce don raƙumi ya iya hawa da kaya zuwa sama. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar bishiyar darbejiya, irin wadda muke gani a kowane titi ba ma ko kallonta, wadda mutanen garin ke cewa akwai zamanin da ita kaɗai ce bishiya a Jidda, har akan yi kwatancen gidan da ita. Wannan labari, ko an ɗan ƙara masa gishiri, yana nuna gaskiyar da ta fi kowace girma game da garin, watau ƙishirwa. Jidda ba ta da kogi, ruwan sama kuwa sai a shekara ba a ga na kirki ba, mutane da tafkunan ajiya da rijiyoyi masu ɗanɗanon gishiri suka rayu, har Turkawa suka kafa injin tace ruwan teku a farkon ƙarni na 20, sa'an nan a 1947 aka jawo ruwa daga Wadi Fatima. Wanda ya san haka zai fahimci abin da alhajin da ya sha, ya sauko daga jirgi ba shi da ko sisi a garin da ruwan sha na kuɗi ne.

Kaɗan daga nan, a unguwar Mazlum, ɗaya daga cikin unguwanni huɗu na tsohon gari tare da ta Sham da ta Yaman da ta Bahar, akwai Masallacin Shafi'i, wanda ake lissafawa cikin mafi tsufa a garin, mai tsakar gida a buɗe da hasumiya wadda ta girmi sauran ginin da ƙarnoni. A nan nake so matafiyi ya yi magariba. Bayan kwanaki a Harami, inda marmara da fitilu da dubban ɗaruruwan mutane ke cika ido, akwai fa'ida ta musamman ga sallah a ƙaramin masallacin unguwa, a sahu guda da ɗan dako Bayamane da tela ɗan Bangaladash da dattijon da in ka yi masa sallama da Hausa la'alla ya amsa maka da ita.

Ganuwa kam ba zai gan ta ba, sai ƙofofin da aka sake ginawa don tunawa. Amir Husaini Bakurde ne ya gina ta a farkon ƙarni na 16 bisa umurnin Sultan Ƙansuwa Alguri na Masar, lokacin da Turawan Fotugal suka zagayo Afirka suka fara farautar jiragen Musulmi a tekun Indiya, kuma a 1517 rundunarsu ta iso har gaban Jidda, igwa da duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa suka hana ta shiga, ta juya. Ganuwar da ta tsare ƙofar Makka shekara 400 da ɗoriya, a 1947 aka rushe ta don gari ya faɗaɗa, yau kuwa ana kashe dukiya ana tono tushenta. Mutumin Kano da ya ji wannan, in ya tuna halin da badala ke ciki, ba ya bukatar in yi masa sharhi.

Na san akwai malaman da za su ɗaga gira, su ce yawon buɗe ido a ƙasa mai tsarki ƙofa ce ta bidi'a, kuma hujjarsu a Jidda ita ce maƙabartar da ake dangantawa da Nana Hauwa'u, arewa maso gabas da Balad, inda mutane suka daɗe suna neman tabarruki har hukuma ta rushe ƙubbar a 1928. Tsoronsu yana da asali, kuma ni ma ban ce kowa ya je ya shafi bango ba, tun da babu wani ingantaccen dalili cewa uwar 'yan Adam a nan take kwance. Amma hana ziyarar tabarruki daban, hana kallon i'itibari daban, kuma Alkur'ani a wurare da dama ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don duban abin da ya sami na farko. Game da ɗawafin bankwana kuwa, abin da malamai suka yi magana a kansa shi ne daɗewa a Makka bayansa, Jidda kuwa tana wajen Harami da nisa. Abin mamaki shi ne ban taɓa jin an yi wa mai yini a kanti wa'azin israfi da irin zafin da ake yi wa mai kallon tsohon gida wa'azin bidi'a ba.

Tashar jiragen ruwa kanta ba a barin baƙo ya shiga, kuma cikon ƙasa da aka yi ya tura teku nesa da inda yake a da, har ƙofar da alhazai ke shigowa ta zama tsakiyar kwalta. Amma daga gefen babbar kasuwar kifi ana hango ƙugiyoyin ɗaukar kwantena jere a sararin sama, kuma kasuwar kifin ta isa a shiga, mutum ya zaɓi najil ko hamur a gyara masa, ya kai a soya, ya ci da shinkafar da suke kira sayadiyya, ya huta da layin gidan abinci na Albaik na yini guda. Yana tsaye a nan ya tuna cewa a ɗaya gaɓar, inda rana ke faɗuwa, Sawakin take, 'yar'uwar Jidda wadda aka gina da dutse iri ɗaya da rawashin iri ɗaya, wadda Ingilishi suka kashe kasuwarta da suka gina Bur Sudan a farkon ƙarni na 20, masu gidaje suka watse, gidajen suka zube suka zama tsibin duwatsu. Dutsen murjani ba ya jure rashin mai gida. Balad ma ta kusa bin wannan hanya lokacin da kuɗin man fetur ya kwashe attajiranta zuwa sababbin unguwannin arewa, suka bar gidajen ga 'yan haya talakawa, gobara da rushewa suka ci da yawa.

Korniche, watau titin bakin teku, da maɓulɓular Sarki Fahad, wadda tun 1985 take harba ruwan teku sama fiye da mita 260, da Masallacin Rahma wanda aka kafa a kan ginshiƙai cikin ruwa, duk abin kallo ne, yara za su ji daɗinsu, kuma da yake suna kan hanyar arewa ana iya tsayawa a gan su a wuce. Sai dai in lokaci ya ƙure har ya zama dole a zaɓi ɗaya, ni Balad zan zaɓa ba tare da shawara ba, domin dogon ruwa da dogon bene duk mai kuɗi yana iya yin irinsu a ko'ina.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Daga ƙarshen 2021 hukuma ta rushe unguwanni masu yawa a kudanci da tsakiyar Jidda, cikinsu har da Karantina da Gulail da Sabil, inda zuriyar alhazan Afirka ta Yamma suka zauna shekara da shekaru, inda ake jin Hausa a titi, ake samun tuwo da tsire. Hukuma ta ce matattarar laifi da ƙazanta ce, mazauna kuwa gidajensu ne, kuma baƙi marasa takardar ƙasa ba su cikin waɗanda aka yi wa alkawarin diyya. Ala ayyi halin, wannan babi na tarihinmu an share shi daga doron ƙasa, kuma kaɗan ne daga cikin dubban da ke sauka Jidda kowace shekara suka taɓa zuwa suka gan shi tun yana nan. Balad ba za a rushe ta ba, gyara ta ake yi da kuɗi masu yawa, amma gyaran da ke fitar da tela da mai shayi ya shigo da otal da shagon gahawa na masu hannu da shuni yana iya tsare bango ya kori rai, kuma wanda ya je bana zai ga abin da wanda ya je bayan shekara goma ba zai gani ba.

Alhazan hukuma ba ni da abin ce musu, domin mota ce ke ɗauko su daga Makka ta zube su a ƙarƙashin rumfunan Madinatul Hujjaj a filin jirgi, fasfonsu ma ba ya hannunsu. Kamfanonin jirgin yawo kuwa, waɗanda ke tsara wa mutane ziyarar Uhudu da Ƙuba da Jabalur Rahma, har da kai su kasuwa da motar kamfani, babu abin da zai hana su ƙara sa'a uku a Balad tare da mai bayani da Hausa, kuma a cikin Takarin Jidda ba za a rasa matasan da suka san kowane lungu, suka kuma iya harsunan biyu, waɗanda ke neman abin yi ba. Kafin su farga, kowa yana iya yi wa kansa: a auna kaya tun daren jiya a ɗaure, a shiga Bab Makka bayan la'asar, a yi magariba a Masallacin Shafi'i, a bar Balad da isha'i in jirgin na tsakar dare ne, domin filin jirgin yana can arewacin gari kuma cunkoson titin Madina ba ya sanin mai sauri.